Dutsen da Malam Ya Rataya wa Amalanke

Garin nan na Bahiya, inda aka kawo mu bauta daga hayin teku, hawa biyu ne. Akwai na tudu inda masu hali suke, akwai na ƙasa a bakin teku inda jirage ke sauke kaya. Tsakaninsu gangare ne dogo da aka shimfiɗe da duwatsu. A tsakiyarsa, inda hanya ta yi gwiwa, nan nake zama da kaskona ina suyar ƙosai da manja. Rubutun nan da furfura a kaina na koye shi wurin wata tsohuwa 'yar ƙasarmu, don haka wanda ya ga ya karkace ya yi mini haƙuri.

Maigidana, da nake kira Malam, ɗan dako ne. Tun muna hannun iyayengiji yake tura amalanke, da muka sami kanmu ma bai san wata sana'a ba. 'Yan dako a nan kowace ƙabila da kusurwar titin da take zama, kuma kowace kusurwa da shugabanta mai raba aiki. Wanda ba shi da mazauni a kusurwa, babu attajirin da zai ba shi ko buhu guda. Wannan mazaunin shi ne duk abin da Malam ya mallaka a duniya.

Hawa wahala ce, amma sauka ita ke kisa. In an loda amalanke za a gangara, Malam ke riƙe hannuwanta ta baya, abokansa biyu kuma su ɗaura igiya a ƙugu su jingina da baya suna janye ta. Shi ma yana da tasa igiyar a ƙugu, ɗaure da amalanken, haka al'adar take. Waƙa ce ke auna musu taku. Yana bayarwa suna amsawa, ƙafa na faɗuwa a kan amshi. In numfashin ɗayansu ya canja, sauran sukan ji, sai su ja waƙar ta yi sanyi, ba wanda zai ce wa wani ka gaji. Daga wurin kaskona nakan san lafiyarsu tun kafin su ɓullo.

Sai ɗaya abokin ya rasu da ciwon ƙirji. Ɗayan kuma ya shiga jirgin masu komawa Ikko, ba mu sake jin labarinsa ba. Hausawan kusurwarmu suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, har aka haɗe 'yan ragowar da Yarabawa, waɗanda nan ake ce wa Nago. Shugabansu mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ja Malam gefe ya ce, “Baba, hawa ta fi ƙarfinka yanzu, kai ma ka sani. Kayan sauka zan riƙa ba ka. Amma ban da masu igiya ba zan ba ka ba. Ka nemo mutane, ko ka bar wa wani wurin.”

Samarin kusurwar kowa da ayarinsa. Babu mai son ya ɗaura ƙugunsa a bayan tsoho.

Muna da ɗa namiji, na fari, shi ya sa ba zan rubuta sunansa ba. A nan aka haife shi, Hausarsa rabi ce, rabi Fotugis. Ya sami aiki a na'urar nan da aka gina a jikin dutse mai hawa da mutane tana sauko da su, shi ke shafa mata mai. Malam ba zai roƙe shi ya zo ya riƙe masa igiya ba, sai ni na je.

Ya ce, “Inna, in na bar wurin nan yini ɗaya, wani zai shige. Ki ce masa ya zauna ya huta, ni zan ciyar da ku.”

Na kawo saƙon a tausashe iyakar iyawata. Malam ya ce, “Ki gaya wa sarkin mai ban mutu ba tukuna.”

Daga ranar ya shiga tattara tarkace. Ya samo guntun itace mai tauri wurin masu sassaƙa jirgi a unguwar Itafajife, ya lulluɓe fuskarsa da fatar sa. Ya kafa shi a kan wani sanda, yadda in an ja sandan itacen zai danne ƙarfen ƙafar amalanke. Wannan kowa ya san irinsa, birki ne kawai. Dabararsa ita ce dutsen. Ya ɗauko wani mulmulallen dutse daga bakin teku, ya ɗaure shi da sarƙa, ya rataye shi a ƙarƙashin amalanke, ya haɗa sarƙar da sandan. In amalanke tana fili, dutsen na rataye shiru. In ta sunkuya gangare, sai dutsen ya rinjaya gaba ya ja sandan, itacen ya cije ƙafar. Gwargwadon tsananin gangare, gwargwadon cizon. Ba sai hannu ya taɓa ba.

Ɗanmu ya zo ran Lahadi ya tarar da shi kwance a ƙarƙashinta, ƙafafu a waje.

“Baba, haihuwa za ta yi ne kake duba ta?”

“Ta riga ta haihu. Ga ɗan nan a rataye. Shi aƙalla in na ce ya riƙe, zai riƙe.”

Yaron ya yi dariya, amma na ga kunnensa ya ji. Ya durƙusa ya girgiza sarƙar, ya ce aikin ya yi kyau. Ya ce, “Sai dai ka rage mata gudu, Baba. Ka ƙara gajarta sarƙar.”

“Kai da ba ka taɓa sauka da ganga ba, kai za ka koya mini taku?”

Malam ya auna ta kuwa da waƙa. Da sassafe yakan loda duwatsu ya kai ta wani ɗan gajeren gangare a bayan gidanmu, ya saki, yana bin ta yana rerawa. In ta riga amshi sai ya rage zoben sarƙa, in ta yi nawa sai ya ƙara, har juyin ƙafarta ya faɗa daidai kan waƙar. Ina tsaye ina kallo, na ji abin da bai ji ba. Yadda yake rera ta, irin rerawarsu ce ta da, lokacin suna majiya ƙarfi. Shekarun baya-bayan nan ba haka suke yin ta ba, abokansa sun daɗe suna ja masa ita a hankali bai lura ba.

Na ce, “Malam, anya ba ta yi sauri ba?”

Ya ce, “Haka waƙar take.”

Na ce, “To, igiyar fa? Tunda dutse ke riƙewa, ka bar ɗaura ta a ƙugu mana.”

Ya dube ni kamar na ce ya fita ba wando. “In bi amalanke ƙugu sake, kamar ɗan rakiya? Su ce kaya ke tafiya da kansu, tsohon yawo yake yi?”

Ban ƙara ba. Ni ba mai yawan magana ba ce, kuma rabon da in ga fuskarsa ta yi haske haka tun kafin jana'izar abokinsa.

Shugaban kusurwa ya zo ya gani, ya kaɗa kai, ya yarda a gwada. Saukar farko buhunan taba ne, ba nauyi can. Ya wuce ta gabana yana waƙa shi kaɗai, babu mai amsawa, amalanke na tafiya sumul, fatar na ƙauri kaɗan. Samarin Nago suna tafi suna ce masa mai aljani. Ya ɗaga mini gira. Amma na ga ƙirjinsa na hawa da sauka, kuma rabin gangaren kawai ya ci. Da ya dawo yana tura ta wayam zuwa sama, sai da ya zauna kusa da ni ya daɗe yana mayar da numfashi. Haka aka yi 'yan kwanaki, kullum yana dawowa a gajiye, kullum yana cewa lafiya lau.

Ranar da abin ya faru gangunan giyar rake aka loda masa, rana ta take. Na ji waƙar daga sama, sai na ji ta fara yankewa, yana cin rabin baiti. Da can a nan ne masu igiya za su sassauta. Dutsen bai san an gaji ba. Da suka ɓullo, amalanke na tahowa da takunta, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, shi kuma yana sassarfa a bayanta. Ƙafarsa ta sarƙe a tsakanin duwatsu, ya saki hannuwan, ya faɗi. Igiyar ta miƙe. Ta ci gaba da jan sa a kan duwatsun nan a natse, kamar ba abin da ya faru. Na kifar da kaskona ina ihu. Kafin samari su tare ta a gwiwar hanya, ƙugunsa ya goce, gwiwarsa ta dama ta fashe.

Ganga ko ɗaya ba ta faɗi ba. Suna ɗaga shi, abin da ya fara tambaya ke nan.

Mai ɗori ya yi iyakar yinsa, ƙashin ya haɗu a karkace. Ranar da abin ya faru, ɗanmu ne ya zo da gudu da mai a hannuwansa, ya goya shi har gida. Yana ciyar da mu yanzu kamar yadda ya ce, bai taɓa gori ba. Malam yakan ci kaɗan ya ture kwanon.

Shugaban kusurwa ya jira har damina ta wuce, sannan ya zo gaisuwa da goro. Ya zauna ya yi ta zagaye-zagaye, har Malam ya sauƙaƙa masa.

“Ka ba wani wurin. Kada a bar shi haka nan.”

Bayan ya tafi na shiga da ruwan alwala. Malam ya ce, “Gobe in kin je, ki duba mini wa aka zaunar.”

Na duba. Wani saurayi ne dogo mai tsage a kumatu, da 'yan'uwansa biyu masu riƙe masa igiya. Na dawo na gaya masa.

Ya ce, “Na san shi. Yana da ƙafa.”

Sai ya ce in juya shi ya fuskanci bango, hasken ƙofa yana damun idonsa. Na juya shi.