Ɗakin da Khiem Ya Wanke

Khiem bai sha wata wahala ba kafin ya gaji gidan giyar shinkafar mahaifinsa Tsoho Dinh, ban da wahalar zuwa duniya namiji. Yayarsa Nhan ta girme shi da shekara bakwai, hancinta ma ya fi kansa aiki, amma a ƙauyenmu na bakin kogi ba a koya wa 'ya mace haɗin yis, wai za ta kwashe shi ta kai gidan miji. Nata dai ta daka ganyaye, a karɓe, a rufe ƙofa.

Yis ɗin, wanda shi ke tayar da giyar, curi-curi ne na garin shinkafa da dakakkun ganyaye, ana shanya shi kan ƙaiƙayi a ɗaki mai duhu. Sabon curi ba ya kamawa sai an barbaɗa masa garin tsohon curi. Haka ake yi tun kakan kakansu.

Tsoho na rasuwa, Khiem ya dawo daga Hanoi da takardar makaranta da farin takalmi. Ya leƙa ɗakin, ya toshe hanci. Ya sa aka ƙone ƙaiƙayin, aka wanke bango da magani, tsofaffin curin kuwa aka watsa wa aladu. Tulu arba'in ya haɗa bayan nan, duk suka zama ruwan tsami, ga sabuwar shekara, lokacin cinikin giya, saura wata biyu.

Ya shiga kwalekwale ya haye wajen Nhan a gidan mijinta.

"Yaya, gidanmu ya mutu. Iri ya ƙare, ko ɗaya babu."

"Na ji labari. An ce aladunka har rawa suka taka."

"Yaya, don Allah."

"Ni me na sani? Ni ai mai daka ce."

Sai da ta bar shi ya shanye shayi kofi uku yana zufa, sannan ta sauko da wani kwando daga saman murhu. Curi goma, farare tas. Ashe ranar bikinta uwarsu ta cusa mata ɗaya a ɗankwali, shekara ashirin tana raya shi a ɓoye. Ganyayen kuwa, wadda ta daka su shekara goma ba sai an gaya mata sunansu ba.

"Me zan ba ki?"

"Ka buɗe wa 'yarka Thuc ƙofar ɗakin yis."

"Dattawa za su cinye ni ɗanye!"

"Su cinye, wane nama gare ka?"

Ya buɗe. Dattawa suka yi ta fushi har giyar ta nuna, suka ɗanɗana, fushin ya bi ruwa.

Shekara talatin Khiem ya riƙe gidan, bai sake kusantar ɗakin da tsintsiya ba. Yau Thuc ce ke haɗin. Shi kuwa yana zaune a ƙofa da sanƙonsa, yana gaya wa baƙi shi ya sauya al'ada. Nhan, da haƙorinta biyu, takan gyaɗa kai ta ce, "Ƙwarai, shi da aladunsa."