Ranar da Usur ɗin Baba ya Bi Ruwa

Ƙarar ba ta kai ta faɗuwar ludayi ba. Wata Alhamis ce da hantsi, a ƙarshen daminar da kogin Hadejia ya cika ya batse har ya cinye gonakin bayan gari. Turawa suna nan ba su tafi ba, ni kuma ina 'yar shekara tara. Ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa a faifai, Inna na dama fura, sai muka ji ƙyar-ƙyar daga ɗakin Baba. Inna ta ce ɓeraye ne, ruwa ya koro su cikin gari. Muka ci gaba da aikinmu. Ashe 'yar tsakuwar da ke cikin usur ɗin Baba ce ta motsa, lokacin da ƙanena Habu, ɗan shekara biyar, ya taka akwati ya zare shi daga ƙusa.

Baba, Allah ya jiƙansa, kowa a gari Saje yake ce masa, domin ya yi yaƙin Bama. A can ya haɗu da wani baƙin Ba'amurke, direban motar soja, wanda kafin yaƙi aikinsa koya wa samari ƙwallo a ƙasarsu, wata irin ƙwallo mai kamar ƙwai da ake runguma a gudu. Shi ya ba Baba usur ɗin ranar da za su rabu. Da Baba ya dawo gida aka ɗauke shi yana koya wa 'yan elemantare faretin safe da ƙwallon ƙafa. Fili shi ya share shi da fartanyarsa, ya kafa itacen giginya a matsayin raga. Ƙwallo ɗaya tal suke da ita, ta fata, duk ɗinkin dukawa, aikina ne shafa mata kitse duk yamma don kada ta tsage. Da ita yaransa, ba ko takalmi, suka je Malam Madori suka lallasa 'ya'yan ma'aikatan jirgin ƙasa, suka dawo suna waƙa a bayan motar gyaɗa. Duk da haka kakarmu Ya Fanna, mahaifiyarsa, ba ta taɓa ganin abin da daraja ba. Takan ce, "Ƙato da gemu, ka je yaƙi ka dawo, abin da ka samo mana shi ne bin fata da gajeren wando." Shi dai sai ya yi murmushi. Dokarsa ɗaya ce wadda ba ya yafewa: in usur ya yi ƙara, ko ƙafarka na sama, ka tsaya cak ka rufe baki. Yakan ce musu, "Wanda bai iya tsayawa ba, bai iya gudu ba." Na sha ganinsa yana ɓoye usur cikin hula ya hura a hankali daga can ƙarshen fili, wanda duk bai ji ba ya zagaya fili a guje.

Ranar bai tafi da usur makaranta ba, don ruwa ya kwanta a filin. Da ya dawo da azahar ya ga ƙusa wayam, ya tambaya, sai a lokacin muka lura Habu bai zo ya sha fura ba. Na leƙa gidan maƙwabta, na leƙa gindin tsamiyar da suke wasan langa, na je har bakin kasuwa ina kiran sunansa. Wata mai tallan kifi ce ta tsayar da ni ta ce ta ga yaron Saje a mashaya tun ɗazu, ya hau goran masunta yana hura wani abu. Masuntanmu kan kwanta ne a kan ƙaton gora su yi ta iyo da hannu suna jan taru, in sun fito su bar gorunan a gaɓa. Da aka duba, gora ɗaya babu.

Ban san lokacin da Inna ta fito ba. Matar da ban taɓa ganin ƙafarta a waje da rana ba, sai ga ta a bakin ruwa ba mayafi, hannunta da sauran fura. Ruwan kuwa ba shi da ɗaya gaɓar, ya shimfiɗe har inda ido ya ƙare, ciyawa ta fi tsayin mutum, ƙarƙashinta igiyar ruwa na ja zuwa gabas. Gari ya watso. Sarkin ruwa ya sa aka fito da kwalekwale, makaɗa suka kama ganga don yaro ya ji ya san inda gida yake, maza na ƙwala kira, mata na salati da kuka. Can sai wani ya ce ya ji usur ta arewa. Kwalekwale suka rufa can, sai garken kirinjijiya ya tashi fir, waɗannan agwagin ruwan da kukansu sak fito. Aka sake ji ta kudu, aka sake rugawa, su ne dai. Duk sanda aka ce an ji, Inna takan miƙe, duk sanda agwagi suka tashi takan zube a laka, har ta kai ba ta iya miƙewa, sai dai ta ɗaga kai. Ni ina riƙe da zanenta, ina karanta duk surar da na haddace, in na ƙare in sake daga farko, ina ce wa Allah ya ɗauke mini komai ya ba ni Habu.

La'asar ta yi, maza suka yi salla kashi-kashi a kan tudu. Rana ta fara ja. Na ji wani dattijo yana ce wa na kusa da shi a hankali, gobe ko jibi ruwa zai maido da shi ta wajen Baturiya, a sa mutanen can su sa ido. Ya Fanna ta ji. Ta zauna daɓas ta ja gyale ta rufe fuska.

Baba tun azahar yana cikin ruwa har ƙirji, muryarsa ta dushe. Sai ya fito ya je gaban Sarkin ruwa ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a tsayar da ganga, a sa mata su yi shiru. Yaron nan yana hurawa, na san ba zai saki ba. Mu ne ba ma ji." Sarkin ruwa ya ce ai jin ne ya wahalar da su tun rana. Baba ya ce a ba shi lokaci zuwa magariba. Mutane suka yi ta gunaguni, wai wa ya taɓa neman yaro da shiru. Hana mata kuka shi ya fi wuya. Ya Fanna ce ta yaye gyale ta daka musu tsawa, ta ce wadda ta ƙara kuka ta koma gidanta ta yi.

Baba ya kira yaransa 'yan ƙwallo, kowa da sunan wurinsa a fili. 'Yan gaba ya tura su can cikin ciyawa a kan goruna, 'yan baya a kwalekwale, ya ware su nesa da juna yadda yake ware su ranar wasa. Bukar, dogon yaron da ke tsaron gida, ya sa shi can gabas inda ruwa ke ja. Sannan ya ɗaga hannu, da yake ba shi da abin hurawa. Suka tsaya cak. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, ina jin ruwa na lasar gaɓa, ina jin haƙoran Inna na haɗuwa. Kirinjijiya suka yi fito nan da can, mutanen gaɓa suka zabura, amma ko yaro ɗaya bai juya ba. Su sun san kukan agwagwa santsi gare shi, na usur ɗin Baba kuwa da karkarwar tsakuwa a ciki. Rana ta taɓa ruwa. Hannun Baba na sama bai sauke ba. Sai muka hangi Bukar ya miƙe a kwalekwale ya nuna wani kurmin ciyawa, na kusa da shi ma ya nuna can, sannan na gaba da shi.

Sun sami Habu goran ya maƙale a reshen wani gawo da ruwa ya shanye, ya rungume shi da hannu da ƙafa, cinnaku sun cije shi ko'ina, leɓensa ya tsage. Numfashin da ya rage masa bai fi ya motsa tsakuwar ba. Da ƙyar aka ɓamɓare usur daga haƙoransa. Inna ba ta yi guɗa ba, ta dai goye shi a baya kamar jariri, ƙafafunsa na reto, ta nufi gida.

Sanyin ruwan nan ya shiga ƙirjin Baba bai fita ba. Ya yi ta fama da tari, bai ga tafiyar Turawa ba. Amma har ya kwanta bai fasa zuwa fili ba, a kan kujera, kuma shi ya dage sai da na tafi makarantar 'yan mata a Kano. Ranar jana'izarsa yaransa suka hana kowa taɓa makara. Bukar ya karɓi filin ya riƙe har tsufansa. Ya Fanna, wadda ta rigaya ta daina maganar gajeren wando, ita ta ɗinka wa usur jaka ta ba ni.

Yanzu an datse kogin daga sama, ba ya zuwa yadda yake zuwa. Filin Baba shaguna ne, yara na kallon ƙwallon Turai a waya, kowa na ihu ba mai sauraro. Habu ma ya riga ni, bayan ya ga jikokinsa. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san nauyin wancan shirun.

Kwanan baya jikata Ummi, wadda na sha ba ta labarin nan, ta buɗe adakata ta samo jakar. Ina kicin ina tuƙa tuwo na ji ƙarar. Muciya na hannuna na tsaya cak, ban ko numfasa ba, tuwo na ƙonewa. Ta leƙo ta dube ni, ta zo ta kama zanena ta ce, "Hajiya, ki motsa mana. Ga ni nan, ban ɓata ba."