Amanar Malam Ramon

Talata Mafara zuwa Manila

Ranar Lahadi, ana sallame sallar asuba na saɓa jakata, amma ban nufi tasha ba sai da na biya ta zauren Baba. An zaɓe mu mu shida cikin manoman shinkafa na yankin madatsar Bakalori za mu ƙasar Filifin horon mako uku, ni kuwa ga shekara hamsin a duniya, ko Abuja ban taɓa kwana ba. Na iske tsohon bisa buzu, da wata 'yar akwatin ƙarfe irin ta biskit a cinyarsa, an ɗinke ta ruf cikin jar fata.

Tun ina yaro na san akwatin nan. Ta Malam Ramon ce, wani ɗan Filifin da ya koyar da lissafi a makarantar da Baba yake aikin lambu, zamanin da ake ɗauko malamai daga can. Shi da matarsa sun haifi ɗiya a Mafara, ta yi wata biyu ta koma, aka rufe ta bayan gidajen malamai. Baba ne ya haƙa kabarin, ya dasa darbejiya a gefe don kada wurin ya ɓace. Da za su tafi hutu, Malam Ramon ya bar masa akwatin ajiya, ya ce sai ya dawo. Bai dawo ba. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan.

Baba ya ce, "Sanusi, wagga amana ta ishe ni. Ban son in kwanta da ita bisa wuya. Ka kai mashi abinai. In ya riga mu gidan gaskiya, ka ba iyalinai hannu da hannu. Kuma ka ce masu ban buɗe ba."

Na ce, "Baba, ƙasa guda ce fa. Ina adireshi?"

Sai ya miƙo min wani tsohon hoto na ɗaurin auren Malam Ramon. Ango da amarya a gaban coci, a gefe ga wata doguwar hasumiya da kanta ya karkace. A baya an rubuta kalma ɗaya, Ilocos.

"Ga shi nan. In ka isa ka tambayi mai unguwa."

Na danne dariyata don kada ransa ya ɓaci.

Motarmu ta tashi shida da minti goma, muka wuce Lambar Bakura, muka tsaya a shingen jami'an tsaro biyar, muka shiga Sakkwato tara saura. A filin jirgi wani ma'aikaci ya juya akwatin ya ce in farke ɗinkin. Na ce, "Ranka ya daɗe, ajiyar mutane ce, tsohona bai buɗe ba, ni ma ba ni da hurumi." Ya dube ni, ya tura ta cikin na'ura har sau biyu, sannan ya ce, "Tsumma ne da takarda. Allah ya ba ka ikon kaiwa." Allah ya saka wa mutumin nan. Jirgi ya kai mu Abuja, daga nan muka yada zango a wata ƙasar Larabawa, ranar Talata muka sauka Manila, agogonsu ya riga namu da awa bakwai.

Horon da aka yi mana a lardin Nueva Ecija labari ne na daban. Da aka kammala, kwana huɗu suka rage kafin jirginmu na safiyar Juma'a. Abokan tafiya suka nufi kasuwannin Manila. Alhaji Bala, mutumin Janbako, ya ce, "Mu za mu sayen tsaraba, kai za ka yawon coci. Wallahi sai na hwaɗi gida." Na ce ya faɗa, Baba ne ya aike ni.

Litinin: Vigan

Bas ta tashi shida da rabi, kuɗin mota peso ɗari shida, tafiyar wajen kilomita ɗari uku zuwa arewa. Da muka shiga yankin Ilocos, teku ta fito ta hannun hagu, duwatsu ta dama, gonakin taba da masara a tsakani. Ƙarfe biyu muka isa Vigan. Tsohuwar unguwar garin Turawan Sifaniya ne suka bar ta: gidajen bene na dutse da katako, titi shimfiɗe da duwatsu, keken doki na kai da kawowa. Na hau ɗaya, ina ta kallon dokin da tausayi, don a wurinmu wannan aikin shanu ne.

A masauki na tashi yin la'asar, na fuskanci gabas yadda na saba tun haihuwa. Allah ya sa na duba waya. Ashe a ƙasar nan alƙibla tana yamma. Na juya dardumar ina istigfari.

Mai masaukin ta haɗa ni da direba, wani gajere mai furfura, Manong Lito. Manong a bakinsu kamar Yaya ne a namu. Turancina na aji uku ne, nasa ma bai fi haka ba, amma mun fahimci juna. Ya dubi hoton ya ce duk cocin Ilocos hasumiyarsu a ware take, saboda in girgizar ƙasa ta kayar da ita kada ta danne ginin. Gabana ya faɗi, don wannan hasumiyar ita ce kaɗai alamar da na dogara da ita.

Muka fara da babbar cocin Vigan. Ban taɓa taka cikin coci ba, sai na ce zan tsaya daga ƙofa, amma mai kula da wurin sai a ciki ake samunsa. Ina isa bakin ƙofa na tuɓe takalma na riƙe a hannu. Sai da na kai tsakiya na lura kowa da takalminsa, wasu tsofaffin mata suna ta yi min murmushi. Manong Lito ya ce in mayar. Na ce a'a, wurin ibadar mutane ne, ƙafata ba za ta yarda ba. Mai kulan ya duba hoton ya girgiza kai. Hasumiyar garin Bantay da ke kusa, mai jan bulo a kan tudu, ita ma ba ita ba ce.

Talata: Santa Maria, Paoay, Laoag

Bakwai na safe muka koma kudu, kilomita arba'in, zuwa Santa Maria. Cocin a kan tsauni take, matakala ta fi tamanin, na hau ina haki ina tuna shekaruna. Hasumiyarta ta ɗan jirkice, har na sa rai, amma da na ɗaga hoton na gwada, siffar ba ɗaya ba.

Muka juyo arewa. Ƙarfe ɗaya muka tsaya cin abinci, nan na gane darajar direbana. Mutanen Ilocos ba sa wasa da naman alade, sai ya shiga gabana yana buɗe tukwane: "Wannan ba naka ba ne. Wannan ma ba naka ba ne." Daga ƙarshe ya sa aka gasa min kifi a kaskon da ya tsaya aka wanke a gabansa. Shi ma kifin ya ci, don kada in ci ni kaɗai.

Cocin Paoay kuwa, ko maginan ganuwa sai su sara mata. An tokare bangonta da wasu ginshiƙai masu kauri, kowanne ya kai faɗin ɗaki, hasumiyar kuma da dutsen cikin teku aka gina ta. Na yi mamaki, na ɗauki hoto, amma ba ita ba ce. Ta Laoag ma, wadda ƙasa ke haɗiyewa a hankali har ƙofarta sai an sunkuya, ba ita ba ce. A Laoag muka kwana. Raina ya ɓaci sosai, ina tunanin da wane ido zan dubi Baba in mayar masa da akwatin.

Laraba: Burgos da Bacarra

Kilomita kaɗan daga Laoag muka ratsa wani gari, Bacarra. Na hango wata hasumiya guntuwa, ba kai, ciyawa ta fito a samanta. Manong Lito ya rage gudu, na ce mu wuce, tamu mai kai ce. Muka duba wasu ƙananan garuruwa biyu, babu labari.

Da ya ga na karaya, sai ya ce tunda mun zo nan, ba zai bari in koma ban ga teku da kyau ba. Ya kai ni Burgos, inda wani farin dutse yake bakin ruwa, iska da igiyar teku sun sassaƙe shi sumul. Na tsaya na yi tasbihi. Daga nan muka hau tudu zuwa tsohon gidan fitilar da Sifaniyawa suka gina don nuna wa jirage hanya. A gindin tudun wata tsohuwa ke sayar da tafarnuwa da ruwan kwakwa. Ta tambayi Manong Lito me baƙon nan yake ta kallo a takarda. Ta karɓi hoton, ta nisanta shi da idonta, sai ta yi dariya.

"Ai Bacarra ce. Garinmu. Haka kan hasumiyar yake ina budurwa, daga baya girgizar ƙasa ta kayar da shi."

Wato ni da bakina na ce a wuce. Manong Lito ya tada mota.

Ƙarfe biyu da kwata muna gindin hasumiyar, ga tarkacen kan nan zube a ƙasa. Na ce to yanzu wa za mu tambaya? Ya ce kowace unguwa tana da shugabanta, can za mu. Na dafe kai. Mai unguwa dai, yadda Baba ya faɗa. A unguwa ta biyu muka dace. Mai unguwar na ganin hoton ya ce, "Malamina ne, shi ya koya min lissafi. Ya rasu shekara shida ke nan. Amma matarsa, Madam Luz, tana nan." Shi da kansa ya raka mu.

Mun same ta a baranda tana ɓare tafarnuwa, 'yar tsohuwa, gashi fari fat. Na tuɓe takalma na durƙusa. Ta dubi hulata, ta dubi jar fatar da ke hannuna, sai na ji Hausa ta fito daga bakinta, a karye amma Hausa: "Sannu da zuwa. Garba?"

Na ce, "Ɗansa ne. Yana raye, yana gaishe ki, yana yi miki ta'aziyya. Ya ce in gaya miki bai buɗe ba."

Ta shafa ɗinkin da yatsa, aka kawo almakashi. A ciki akwai hular jariri, 'yar riga, ƙaramin carbi irin nasu, da hoto guda na jaririya a kan zane. Ta ce shi ke nan hoton ɗiyar da aka taɓa ɗauka. Sun bar shi ne don suna zaton wata biyu za su yi, sai ba a sabunta wa mijin aiki ba, wasiƙun da ya aika kuma ba amsa. Ta ce shekaru da yawa tana ƙoƙarin tuna fuskar yarinyar, ta gagare ta. Ta yi kuka, ni ma na yi, ban ji kunya ba.

Can ta ce, "Wurin yana nan?"

Na ce yana nan. Darbejiyar yanzu mutum ɗaya ba ya iya rungume ta, kuma kowace shekara kafin ruwa ya sauka Baba yana zuwa ya share gindinta. Sai ta kama hannuna ta ɗora a goshinta. Manong Lito ya ce a al'adarsu yaro ne ke yi wa babba haka. Ta ce ba ni ta yi wa ba, in kai wa Garba. Ta haɗa ni da bargo saƙar hannu. Na gwada kiran gida, layi ya ƙi shiga.

Komawa gida

Alhamis na wuni a bas, awa goma sha ɗaya zuwa Manila. Ranar Asabar da la'asar na sauka a tashar Mafara, ban shiga gidana ba na wuce zauren Baba. Ya dubi hannuna ya ga ba akwati, ya sauke ajiyar zuciya. Na ba shi labari tun daga Vigan, na shimfiɗa masa bargon, na ɗora hannunsa a goshina na ce saƙo ne.

Ya ce, "To mi ke ciki?"

Sai a lokacin na tuna bai sani ba. Na faɗa masa. Ya ce, "Da na san hoton ɗiyarta na, da ƙasa zan tahi in kai mata."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Manong Lito, da tsohuwa mai tafarnuwa wadda ko sunanta ban tambaya ba, da mai unguwar Bacarra. Alhaji Bala ma na gode masa, don ya cika alkawari, duk Janbako an ji na yi yawon coci.

Washegari da hantsi Baba ya sa na goya shi a babur zuwa bayan tsofaffin gidajen malamai. Ya tsaya a inuwar darbejiyar, ya ciro 'yar fartanyarsa daga buhu ya miƙo min.

"Akwati ta koma ga mai ita. Wagga amana ko ba ta zuwa ko'ina, kuma ka gaya ma uwatta ana share wurin. Ni ƙarhina ya ƙare."

Na naɗe hannun rigata na duƙa.