Sandar Awon Kantinmu

Shekaru kaɗan kafin 'yancin kai, ina akawu a kantin wani kamfanin Turawa a Kaduna. Da gajeren wando da doguwar safa nake fitowa daga Unguwar Shanu, ina jin kaina kamar ni na gina garin.

Muna sayar da alawayyo, farin yadin da ake likkafani da shi. Wata rana manaja ya sa aka rage sandar awonmu da faɗin yatsa biyu, aka mayar mata da bakin ƙarfenta. Daga nan kowane bandir sai a warware shi, a auna da sandar, a yanke rarar, a naɗe. Ni nake buga hatimin da ke cewa ya cika.

Wanda ya gano shi ne aminin mahaifina, wani dattijo mai sayar da likkafani a Abakpa. Baba nake ce masa. Shi bai san awon yadi ba, da kamu yake awo, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kuma ya san likkafani nawa bandir ke bayarwa. Sau uku likkafanin ƙarshe yana gaza masa. Ya ɗauko sabon bandir da hatiminsa ya zo, ni aka kira tafinta.

Manaja bai ɗaga murya ba. Ya sa aka ba Baba kujera da shayi, ya ce kamfani na alfahari da irinsa. Ya ce wataƙila laifin masaƙa ne can ƙasarsu, za a bincika. Ya ce ai damina ma tana sa yadi ya tsuke. Da Baba ya ƙi shan shayin, sai ya sa aka kawo sandar, aka auna a gaban masu ciniki, ya cika cif. Duk ni na mayar da wannan Hausa, har ina ƙara masa gishiri.

Baba ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ne a ciki. Hannuna ne ya ƙara tsawo?"

Na ce, "Baba, sanda ba ta ƙarya."

Tsoron rasa aiki ne ya sa na faɗi haka, ba wani abu ba. Kafin mako ya zagayo manaja ya hana a sayar masa da kaya, ya kuma bar magana ta fita cewa tsohon ne ke datsar likkafani yana laƙa wa kamfani. Mutanen Abakpa suka koma wani wuri. Ni kuwa na sake hanyar zuwa aiki don kada in bi ta rumfarsa.

Da damina ta biyu mahaifiyata ta rasu da hantsi. Ina tsugune a zaure sai ga Baba, ya rame, da farin yadi a hammata wanda ya sayo daga Zariya. Ya yi mini ta'aziyya, ya warware shi a kan tabarma, ya auna da hannunsa kamu bayan kamu a gaban jama'a. Sannan ya miƙo mini bakin yadin.

"Duba mini, ɗana. Kada a kai ta da ragi."

Ban ji gatse a muryarsa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Na riƙe yadin, kunya ta hana ni ɗaga kai, har liman ya ce a miƙa wa mata su ɗinka.

Washegarin sadakar uku na koma kanti, na ci gaba da buga hatimi har shekara huɗu.