Baba Ishaya Mai Kwance Sirdi

Ina jera karfasa a kan murhun banda ranar da labarin ya iske ni. La'asar ta yi sanyi. Maƙwabciyata Nusaiba ta faɗo gidan ko sallama babu, ɗankwalinta a hannu.

"Innar Maliki, aje kifin nan."

"In aje shi ya ƙone?"

"Ke dai aje."

Yadda ta faɗa na biyun ne ya sa na aje. Ɗana Maliki ya faɗo daga kan doki a hanyar bakin ruwa, kusa da babbar ɗorawa. Dokin yana cikin sukuwa ya taka fasasshiyar kwalba, ya zabura, ya yar da shi a kan dutse. Nan take ya rasu. Maliki ya sha a ranar. Ba zan ɓoye ba, duk gari an sani, kuma in na ɓoye ban ga wanda ɓoyon zai amfana ba.

Matan da ke wurin sun ce kafin in yi kuka tambaya na fara yi. Wai cewa na yi, "Ina Baba Ishaya yake?" Aka ce ya tafi Shanga tun shekaranjiya, binne ƙanwarsa.

Ba labarin Maliki na zo bayarwa ba. Labarin mutumin da na tambaya zan bayar, tun yana da rai, tun kunnensa yana ji in an karanta masa.

Ƙauyenmu yana ƙasar Ngaski, kuma hanya ɗaya muke da ita zuwa bakin ruwa. Daga bayan firamare take farawa, ta ratsa gonakin shinkafa, ta wuce ɗorawa, ta gangara inda jiragen masunta suke tsayawa. Mu masu banda nan muke bi da daro a ka, da yawanmu ba takalmi. Yara nan suke bi. Shanun Fulani nan suke bi su sha ruwa. Kuma nan samari suke kilisa da dawaki, yammacin Juma'a da na Lahadi, da duk ranar da aka yi biki. Ba dukansu ke sha ba, kada in ɗauki alhakin wasu. Amma akwai masu tsayawa gindin ɗorawa da burkutu a jarka, da giyar leda, da kwalaben maganin tari. In sun shanye sai su yi gasar wanda zai fasa kwalba a kan dutse daga kan doki.

Tun ina amarya a garin nan, in na fito da sassafe, sawun jakin Baba Ishaya nake tararwa a gabana. Yana tafe a hankali, kansa a ƙasa kamar mai neman allura, jakin yana biye da mangala. Gefe ɗaya na kwalba ne, ɗaya na leda da robobi. In ya ga ƙyalli sai ya duƙa. In ya ga inda aka fasa, sai ya tsuguna ya tsince har 'yan mitsi-mitsin, ya shafa wurin da tafin hannu ya tabbatar. Kwalaben rami yake haƙa musu a bayan gonarsa ya binne. Ba wanda ya sa shi. Ba ma'aikacin ƙaramar hukuma ba ne. Sana'arsa gyaran kofato da yi wa dawaki magani, wadda ya gada wurin mahaifinsa.

Na taɓa tambayarsa abin da ya fara sa shi. Ya ce a mako guda ya ciro kwalba daga kofaton wata goɗiya, ya kuma ciro wata daga ƙafar ɗiyar Christiana, mai banda irina. "Launinsu ɗaya, kore," ya ce. "Na ce wata ƙila ma kwalba ɗaya ce. To in na tsince ta tun da safe, ai na rage wa kaina aiki." Haka yake maganarsa, kamar don kansa yake yi.

Samarin suna masa dariya. Suka sa masa suna Sarkin Bola. Ran nan ina wucewa na ji wani ya ɗaga murya daga kan doki, "Ranka shi daɗe, Sarkin Bola!"

Baba ya ɗaga hannu kamar mai amsa gaisuwa. "Na karɓa. Ku na talakawana, tun da kullum kuna kawo mini gaisuwa. Ɗan Bitrus, ka gama da wagga ta hannunka? Miƙo ta nan, kada ka wahal da kafaɗarka da jifa."

Yaron ya rasa yadda zai yi, ya miƙa masa. Baba bai taɓa kiran ɗayansu da sunansa ba a wurin nan. Da sunan uba yake kira, ko na uwa. Ɗan wane, jikan wance. Sai ka ga mutum ya sunkuyar da kai.

Amma abin da aka fi saninsa da shi kwance sirdi ne. In ya ga mahayi yana layi a kan doki, ba ya masa magana. Dokin yake wa magana. Duk dawakin yankin nan sun san hannunsa, shi ya yi jinyar yawancinsu. Sai ya matso yana cewa, "Bidi, yaya ƙafar taka?" Dokin ya tsaya cik, ko an zabure shi ba ya motsi. Baba yana shafa wuyansa da hannu ɗaya, ɗayan ya riga ya shiga ƙarƙashin ciki ya sassauta majayi, igiyar da ke riƙe sirdi. Mahayi zai ji sirdi ya fara karkacewa, dole ya sauka ko ya sha ƙasa a tsaye. Sai Baba ya ɗauke sirdin ya ɗora wa jakinsa, ya miƙa wa yaro ragama ya ce, "Ja shi a ƙasa. Gobe ka zo ka ɗauka."

Gobe in ka je, ba wa'azi. Kunu matarsa za ta kawo maka. In ka sha, ya ce ka riƙe masa ƙafar wani doki yana gyara, har rana ta ɗaga. Sannan ya ba ka sirdinka. Har ya zama magana a garinmu, in mutum ya yi abin kunya sai a ce an kwance masa sirdi.

Ba kullum abin ke tafiya lafiya ba. Akwai tabo a wuyansa, daga kunne zuwa kafaɗa. Wani yaro ne ya zuba masa bulala. Masunta suna gani, suka taso da itacen tuƙi, shi ne ya tare su. Da uban yaron ya zo ba da haƙuri yana rantsuwa sai ya karya shi, Baba ya ce, "Kada ka taɓa shi. Ka dai turo shi ya sha kunu." Yaron nan yanzu magidanci ne, shi ke kai masa harawa duk kaka.

Maliki ma ya sha kunun nan, ba sau ɗaya ba. Ina tuna wata ranar ya shigo gida a ƙasa, yana jan doki ba sirdi, yana huci.

"Inna, wanga tsoho sai ya ga bayana! Gaban 'yan mata fa!"

Na ce, "Allah shi ƙara mishi lafiya. Wanke hannu ga tuwo."

Ya zauna yana ci yana ƙunƙuni, ni kuwa ina juya baya ina dariya. Duk ranar da na ji ƙarar kofato da yamma hankalina kwance yake, don na san akwai mutum a gindin ɗorawa. Ni Musulma ce, shi Kirista, amma na sha sa shi a addu'a bayan sallar magariba tun kafin abin ya faru.

Da Baba ya dawo daga Shanga, bai ko sauke jakarsa a gida ba ya zo. Bai zauna cikin maza ba. Bakin ƙofar ɗakina ya tsuguna. Can ya ce, "Innar Maliki, da ina nan."

Na ce, "Baba, ƙanwarka ka tafi binnewa."

Ya ce, "Na sani. Amma da ina nan."

Washegari mata masu zuwa bakin ruwa suka gan shi a gindin ɗorawa da rariya, yana tankaɗe ƙasar wurin, yana rarrafe. Har azahar yana nan. Da dattawa suka zauna suka ce a hana hawan doki a hanyar gaba ɗaya, shi ne ya ƙi. Ya ce dokin bai sha komai ba, kuma in an kori samarin daga nan, daji za su koma inda ba mai ganinsu.

Baba Ishaya, kai ne ka maido wa mata da yawa 'ya'yansu a ƙasa suna zaginka. Kai ne ka sa muka yi shekaru muna taka hanyar nan ba takalmi, ba mu taɓa tunanin me ya sa ba ma yankewa ba. Mai jaki, abokin dawaki. Ban san ranar da ka rasa fitowa ba sai waccan, kuma ita ma ba wasa ka tafi ba. Ina so ka ji wannan daga bakina a gaban mutane: ban taɓa riƙe ka a zuciya ba, ko na ƙiftawar ido. Duk shekarun da na ƙara da Maliki bayan ya fara sha, bayan ikon Allah, hannunka ne.

Abin da ya sa na ce a rubuta wannan yanzu shi ne idonsa. Yanar ido ta rufe shi. Bara da laluben hannu yake tsintar kwalba, yatsunsa duk ɗauri. Bana ɗansa Andrew ya ce ya isa, ya ɗaure jakin. Shi ma Baba bai yi musu ba, don ya daina gane mahayi mai layi daga nesa.

Sai tsoro ya kama ni. Tsintar kwalba kowa zai iya. Amma wa zai kwance sirdi? Maza suka yi ta kame-kame. Wannan ya ce yaran ba su da kunya, wancan ya ce ba ya son rigima da iyayensu. Juma'a ta zo ta wuce, Lahadi ta zo ta wuce, ina jin kofato da yamma ina toshe kunne.

Baba ne ya aiko a kira mu, mu masu banda. Muka same shi a ƙofar gida, an ɗaure masa wata tsohuwar goɗiya da sirdi a kanta.

Christiana ta ce, "Baba, mi za mu yi da doki? Ni ko akuya tsoro take ba ni."

Ya ce, "Ku kuka goya su. Ni baƙo na a wurinsu, shi ya sa aka yi mini bulala. Wane na zai ɗaga wa mai goyonsa hannu? Matso."

Haka ya koya mana, yana riƙe hannunmu da nasa mai ɗauri. Ta inda ake tunkarar doki, kada a bi ta baya. Yadda ake masa magana ƙasa-ƙasa. Inda ƙullin majayi yake, da yadda ake ja sau ɗaya. Goɗiyar ta yi atishawa, Christiana ta zubar da zane ta ruga har bakin rijiya. Baba ya yi dariya har da hawaye. Rabon da in yi dariya irin ta ranar tun Maliki yana nan.

Watan jiya aka yi wani biki. Muna dawowa daga bakin ruwa da Nusaiba muka ga Enoch, abokin Maliki tun suna yara, a kan doki a gindin ɗorawa, kansa yana rinjayarsa, yana neman likkafa da ƙafa yana kuskurewa. Sauran suna zuga shi ya yi sukuwa. Ban yi shawara da kowa ba. Na sauke darona, Nusaiba ta kama ragama, na yi wa dokin magana yadda aka koya mini. Hannuna ya sami ƙullin.

"Inna, mi na haka? Gaban mutane?"

"Sauka, Enoch. Gobe ka zo ka ɗauka."

Ya dube ni. Ya sauka, ya karɓi ragama, ya ja dokinsa ya kama hanyar gida a ƙasa. Ni kuma na ɗora sirdin a ka, Nusaiba ta haɗa kifina da nata, muka nufi gidan Baba. Ya shafa sirdin, ya shafa igiyar, ya ce, "Kin ja da ƙarfi, kin kusa tsinke mishi majayi. Gaba ki sassauta hannu." Sannan ya juya ya ce wa matarsa ta jiƙa gero, gobe akwai baƙo.

Na gode, Baba. Allah ya saka maka, ya ba ka sauƙin idon nan, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma mutanen Yelwa da Shanga da duk garuruwan bakin ruwa, na san kuna da irin hanyarmu, kuna da irin samarinmu. Kada ku jira sai an shigo muku gida ba sallama. Wanda zai iya duƙawa ya duƙa ya tsinta. Wanda yaro ke jin kunyarsa ya je ya tsaya inda suke taruwa. Ku masu hawa, ba wanda ya ƙi ku da dawakinku, muna son ganinku. Ku dai koma da abin da kuka zo da shi, kuma wanda ya sha ya ja a ƙasa.

Yanzu kullum da safe ina soke tsohon buhu a gefen zane in zan gangara, ina tafe ina tsintar kwalabe. A dawowa nakan biya ta ƙofarsa, yana zaune a kan tabarma yana shan hantsi. Sai in girgiza buhun kusa da kunnensa. Ya karkata kai ya saurara.

Yau da safe ya ce, "Sake kaɗawa." Na sake. Ya ce, "To, yau kaɗan na. Tafi kada kifinki shi lalace."