Baba da Layin Wakensa Mai Jan Ƙyalle

Ina tsaye a kicin ina tsinke ɗanyen waken suya daga jikin karansa wayar Yaya Bello ta shigo. Da safiyar ranar direban da ke zuwa daga Argungu ya sauke mini damin a ƙofar gidana a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, har da ƙasar gidanmu a jikin saiwarsa. Na ɗauka Yaya zai tambaya ne ko saƙon Baba ya iso, don haka tun bai yi magana ba na ce, "Ya iso, ka ce mai na gode." Sai ya ce, "Hadiza, ki taho gida. Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kashe wuta, na ja ƙofa, na bar damin a ƙasa yadda yake.

Mahaifina, Malam Mu'azu, manomin shinkafa ne a fadamar Argungu tun tasowarsa. Masu ta'aziyya sun faɗi riƙonsa da salla da yadda yake sasanta maƙwabta a kan iyakar gona, kuma duk gaskiya suka faɗa. Na amsa gaisuwa har muryata ta dishe, na gaji gajiyar da barci ba ya warware ta. Abin da ya rage mini ƙarfin faɗa shi ne zancen waken nan, domin a nan ne ni na fi sanin halinsa.

Ina budurwa likita ya ce wa Inna, mahaifiyarmu, tana da ciwon suga, ta rage shinkafa. A gidan da tuwo shinkafa ne, masa shinkafa ce, rumbu ma ita ce a ciki, wannan magana ba ƙarama ba ce. Inna ta rame, ta zama mai saurin faɗa. Sai ta zauna gefe tana kallonmu muna ci. A wannan shekarar wani ɗan kasuwa mutumin kudu da ke sayen shinkafa wurin Baba ya ba shi ƙullin irin waken suya mai manyan ƙwayoyi. Baba ya shuka a bayan gida, kusa da rijiya. Da ya yi 'ya'ya, tun yana kore shar, ya tuge kaɗan ya dafa shi da ɓawonsa kamar yadda ake dafa ɗanyen kwaruru, wato gurjiya, ya ajiye gaban Inna. Ta cinye tas, ta tura masa kwanon ta ce ya ƙaro.

Unguwa ta sami abin dariya. Wasu suka ce Malam ya kasa jiran wake ya bushe, wasu suka ce namiji da gemunsa ya koma gindin murhu. Bai taɓa tanka musu da zafi ba. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Ku yi ta dariyarku, ita dai ta ci." Bai kuma taɓa cewa magani ne ba. Ƙwayoyin asibiti na nan tana sha, wannan kuwa abin da za ta sa a baki ne ta ji ita ma ana yi da ita.

Yana da ƙa'idarsa ta dafa shi, kuma ba ya son a taɓa ta. Sai ya murje waken da gishiri tsakanin tafukansa don gashin jikinsa ya fita, ya wanke. Ba ya zubawa sai ruwa ya tafasa sosai. In ya zuba, sai ya ɗauki buta ya je ya yi alwala a natse, yana dawowa ya sauke, ya tsane a kwando, ya baza a faifai ya barbaɗa yajin ƙuli. Kanwa kuwa ko kusa da tukunyar ba ta zuwa. Na taɓa miƙa hannu zan jefa, ya riƙe mini hannu ya ce, "Uwata, wanga ba waken alala ba ne. Kore ya shiga, kore za shi hita." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Da Inna ta rasu mun zaci zai daina shukawa, amma bai daina ba. Bayan wasu shekaru ciwon ya bayyana a jikina. Na faɗa masa ina kuka a waya, ga 'ya'ya, ga aikin koyarwa, ga wannan kuma. Bai yi mini dogon wa'azi ba. Da kaka ta yi sai ga dami a mota, kuma tun daga lokacin ba a taɓa fashi ba. Kwanakin da waken ke ciyuwa ɗanye kaɗan ne, da ya fara jaja shi ke nan ya yi tauri, shi ya sa Baba ke zagaya shi safe da yamma yana matsa ɓawon da yatsa. Layi ɗaya ne, na jikin rijiya, ba ya bari a taɓa. Sai ya kafa sanda ya ɗaura mata jan ƙyalle, ya bar shi ya bushe don iri. Ko jikokinsa sun yi ta naci sai ya ce, "Wanga layi ba namu ba ne, na baɗi ne."

Ranar sadakar uku gida ya cika maƙil. Ina cikin ɗaki da mata masu gaisuwa sai aka shigo da tire, an tula waken suya a kai, ya dahu ya yi luguf, ya koma ruwan ƙasa saboda kanwa. Na fita bayan gida ko takalmi ban sa ba. An tuge komai, har layin rijiya, ga sandar a yashe. Gwaggo Hassi, ƙanwar Baba, tana tsugune tana wanke tukunya.

Na ce, "Gwaggo, har da mai jan ƙyallen?"

Ta ɗago ta ce, "Af, wanga tsumma? Ai na aza don tsuntsaye anka ɗaura shi. Ɗiyata, abin da yaka so ne, shi ya sa munka dahe mai shi duka sadaka."

Na dubi idanunta da suka kumbura. Ita ma ɗan'uwanta ta rasa, kuma da zuciya ɗaya ta yi. Na tambayi Yaya Bello ko akwai sauran tsohon iri a ɗakin Baba, ya ce babu, Baba ba ya ajiye na shekara biyu don zafi na kashe shi. Ranar da aka fita da Baba na daure, amma a bakin rijiyar nan na zauna na yi kukan da har aka taru a kaina.

Bayan an watse na koma Birnin Kebbi. Ina buɗe kicin na ga damin nan inda na bar shi. Ganyen ya kakkaɓe, ɓawon ya bushe a jikin kara. Na zauna a ƙasa na ɓare wanda ban riga na tsinke ba. Yawancin ƙwayoyin sun yamutse, don ba su gama ƙosawa ba aka tuge su. Na tsince masu ɗan kauri, ko tafin hannuna ba su cika ba. Sai na yi yadda na ga Baba yana gwada iri: na ɗebi kaɗan na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na tura ƙarƙashin randa. Ban sa rai ba, don ba ni da ƙarfin sa rai.

Yau da safe, bayan 'yan kwanaki, na warware tsumman. Wasu sun ruɓe, amma wasu sun fasa, farin tsiro ya leƙo. Sauran ƙwayoyin da ban jiƙa ba na ƙulle su na rataye, na ɗaura musu jan ƙyallen da na ɗauko daga bakin rijiya. Ƙaramar 'yata ta ce in dafa mata, na ji bakina na cewa ba namu ba ne, na baɗi ne.

Ya Allah, ga bawanka Mu'azu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haɗa shi da Inna a cikin rahamarKa. Ka karɓi sadakar Gwaggo Hassi yadda ta yi niyya, Ka sanyaya zuciyarta. Ka dafa wa Yaya Bello da nauyin gida ya dawo kansa, Ka ba mu haƙuri mu da ya bari. Ni kuma Ka ara mini lafiya da rai zuwa damina, in shuka ɗan abin da ya rage. Amin.