Kwalaben Ramatu da na girgiza

Cikin shekarun da na yi ina aikin awo a wani ɗakin bincike a Lyon, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda Ramatu ta tsaya a bayana tana kallon hannuna.

Aikina auna girman ƙwayoyin laka da ke yawo cikin ruwa. Muna da na'ura mai haska ruwan ta faɗi girman kowace ƙwaya. Ƙa'idar da na saba da ita a ruwan kogi ɗaya ce: ka girgiza kwalba sosai kafin ka zuba. Ni kuwa a girgiza ba ni da na biyu.

Ramatu 'yar Maradi ce, tana digirin dokta a Paris. Bincikenta a bakin kogin Seine yake, inda ruwan teku ke shigowa ya koma sau biyu a rana. Tana so ta san yadda girman lakar ke canzawa tsakanin cikar ruwa da janyewarsa. Ta yi watanni tana aiko mini kwalabe, ina aika mata sakamako. Sai ta ga duk awon iri ɗaya ne, ga shi lokacin miƙa kundinta ya matso. Ta hau jirgin ƙasa ta zo.

Bayan gaisuwa na ɗauki kwalba na shiga aikina.

"Tonton Lawali, mi kake yi haka?" ta ce. Haka take kirana, wato kawu.

"Damawa nake, ɗiyata."

"Ai ba hura ba ce."

Ta yi mini bayani a natse. Inda ruwan daɗi ya gamu da na gishiri, ƙwayoyin laka kan manne da juna su zama dunƙule mai laushi. Girman dunƙulen take nema, don shi ke nuna inda laka za ta kwanta ta toshe hanyar jiragen ruwa. Ni kuma duk na farfasa su. Kunya ta rufe ni.

Na ce ta gaya wa farfesanta laifina ne. A gabana ta kira shi, ta ce awon bai yi ba, kuma ita ce ba ta rubuta yadda za a riƙe kwalaben ba. Ba ta ambaci sunana ba. Ya ce sai dai a ɗage miƙa kundin, ta ce ta yarda.

Mako biyu bayan haka ta tafi da ni bakin tekun. Muka wuni cikin ƙaramin jirgi, tun shigowar ruwa har janyewarsa, muna zura na'ura cikin ruwan kowace awa. Ni ina fama da amai, ita tana rubutu da yatsun da suka ƙandare don sanyi. A allon na'urar na ga dunƙulen suna girma idan ruwa ya lafa, suna wargajewa idan ya yi ƙarfi.

Awona na baya ma ba ta zubar ba. Ta sa shi a kundin a matsayin girman ƙwayoyin bayan an warware su, ta kwatanta da sabon.

Ku da kuka shigo aikin nan, ku tambayi mai kwalba abin da yake nema kafin ku taɓa ta. Na girme wa Ramatu da shekaru masu yawa, amma a wurinta na ga yadda ake gyara kuskure ba tare da an tozarta wanda ya yi shi ba.